Turunku da Kufan Zazzau: Tarihin da Ke Binne a Ƙauyuka

A kudu da birnin Zariya, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, akwai garin Turunku. Nan ce hedikwatar ƙaramar hukumar, amma in aka cire wannan, ba ta fi sauran garuruwan karkara da komai ba: manoma ne da gonakinsu, da kasuwa, da makaranta, da masallaci. Sai dai a gefenta akwai duwatsu, a gindin duwatsun kuma akwai kufai mai faɗi, da ragowar ganuwar ƙasa wadda ruwan damina ya zaizaye har ta koma dogon tudu, da tsingaron tukwane birjik, da wani kabari da mutanen wurin ke cewa na Bakwa Turunku ne, ɗaya daga cikin sarakunan Zazzau na dā. Wannan kufai yana cikin manyan shaidun da muke da su kan yadda ƙasar Zazzau ta kafu. A ganina, Zazzau ta girmi birnin Zariya nesa ba kusa ba, kuma ba zuwan wani jarumi guda ne ya haife ta ba. Ta taso ne sannu a hankali daga ƙauyukan gindin dutse, inda ake da tama da ruwa da mafaka. Mafi yawan hujjojin wannan magana suna nan kwance a ƙananan garuruwa irin Turunku da Kargi, da tsofaffin garuruwan yankin Ikara da Maƙarfi da Kudan, waɗanda littattafan makaranta ba su cika waiwaya ba.

Tun kafin a riƙe sunan wani sarki, akwai mutane a wannan ƙasa. Manomi kan tsinci wani ɗan dutse mai santsi da kaifi a baki ɗaya, ya ce gatarin aradu ne, tare da tsawa ya faɗo. Masu binciken kufai sun tabbatar da cewa gatari ne na gaske, hannun mutum ne ya wasa shi a zamanin da ba a san ƙarfe ba. Daga baya ƙarfen ya zo. A kudancin jihar Kaduna, ƙauyen Nok ya ba da sunansa ga wata al'umma da ta ƙware wajen gina mutum-mutumin yumɓu, wadda aka fara cin karo da kayanta a ramukan haƙar kuza a 1928 da kuma 1943. A Taruga, wani mazaunin wannan al'umma, an tono murahun narkar da tama waɗanda suka riga haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, da shekaru ɗaruruwa. A nan kusa kuwa, a yammacin Samaru, bakin rafin Kubanni, malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun tono irin waɗannan murahu a shekarun 1970, tare da tulin kashin maƙera, kuma awon da aka yi wa gawayin wurin ya nuna cewa an yi aikin ne a cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. A Dutsen Dala na Kano ma an sami shaidar narkar da tama ta wajen ƙarni na 7. Ke nan tun da daɗewa kafin 999, shekarar da aka ƙiyasta Bagauda ya hau sarautar Kano, akwai al'ummu zaunannu tsakanin Kano da Zazzau da ke sare itace su ƙona gawayi, su haƙo tama su narkar, su ƙera fartanya da kan kibiya. Aikin narkar da tama ba na mutum ɗaya ba ne. Yana bukatar masu haƙa, da masu zuga, da manoman da za su ciyar da su, da kasuwar da za a kai ƙarfen. Duk inda aka ga tulin kashin maƙera, to an ga alamar jama'a mai tsari.

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya fara shugabantar sashen tarihi na jami'ar da ke Zariya, ya yi bayanin yadda irin waɗannan al'ummu suka zama daula a rubuce-rubucensa na wajen 1970. A ra'ayinsa, abin ya faro ne daga gida, gidaje suka haɗu suka zama ƙauye, ƙauyen da ya yi kasuwa ya jawo baƙi ya zama gari, garin da ya kewaye kansa da ganuwa ya tara garuruwa a ƙarƙashinsa ya zama birni mai sarki. Ya kuma lura cewa sau da yawa a gindin dutse wannan girma ke faruwa: Dala a Kano, Kwatarkwashi a Zamfara, Kufena da Madarkaci da Turunku a Zazzau. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan saman da ya sauko daga dutse yana taruwa a gindinsa, ƙasar wurin ta yi danshi ta yi albarka. Daga ƙololuwarsa ana hango ƙurar mahara tun suna nesa, a kora mata da yara da dabbobi sama. Sannan mutanen da sun yi imani cewa manyan duwatsu mazaunin iskoki ne, wanda ke riƙe da tsafin dutse kuwa yana da iko a kan masu zuwa neman biyan bukata. Ramukan niƙa da ke jikin fa a Kufena, waɗanda hannun mata ya lotsa cikin shekaru masu yawa, su kaɗai sun isa su nuna cewa zaman da aka yi a wurin ya daɗe.

Abin da ake faɗa a baka kuma daban ne, kuma wajibi ne a saurare shi da mutunci. An ce Bayajida ya zo Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu, ya auri sarauniya, ɗansu Bawo ya haifi 'ya'yan da suka kafa ƙasashen Hausa, Gunguma kuwa shi ya sami Zazzau. An ce da aka raba ayyuka, Kano da Rano suka zama sarakunan baba, Katsina da Daura na kasuwa, Gobir na yaƙi, Zazzau kuwa ta bayi, saboda tana bakin iyaka ta kudu. Jerin sarakunan Zazzau na kafin jihadi ya ƙunshi sunaye 60, daga Gunguma zuwa Makau, amma na farko-farkon sunaye ne zalla, babu shekaru, babu labarin abin da suka yi. Wani abu da wannan ruwaya ta riƙe, wanda ya fi labarin macijiya amfani ga mai bincike, shi ne cewa sarakunan ba a wuri ɗaya suka zauna ba. Ana ambaton Kawar da Kargi da Rikoci da Wuciciri a matsayin tsofaffin mazaunan sarauta, kafin Turunku, kafin Kufena, kafin Zariya. Kargi tana cikin ƙaramar hukumar Kubau ta yau, wadda daga tsohuwar Ikara aka cire ta. Ana iya fahimtar wannan jeri ta fuska biyu: ko dai gidan sarauta ɗaya ne ya yi ta ƙaura, ko kuwa garuruwa ne masu cin gashin kansu da suka yi zamani tare, kowanne da sarkinsa, daga baya wanda ya yi rinjaye ya haɗa sunayen kakannin sauran a jeri guda. Fahimta ta biyu ta fi kwanta mini, domin ita ta dace da yadda kufaifan ke warwatse a gindin duwatsu daban-daban.

Sunan Turunku ya fito a Tarihin Kano, littafin da aka harhaɗa da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19 daga tsofaffin ruwayoyi, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya kuma ƙiyasta wa sarakunan shekaru. A labarin Sarkin Kano Kananeji, wanda aka ba shi 1390 zuwa 1410, littafin ya ce shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ya fita yaƙi da Zazzau ya sauka a Turunku, Zazzagawa suka fito suka fatattaki rundunarsa. Ya koma gida cikin fushi, ya nemi shawarar masu tsafin kakanninsa, da shekara ta zagayo ya sake fitowa, aka gwabza a Gadas, aka kashe Sarkin Zazzau, shi kuma ya zauna kusa da Shika wata takwas yana karɓar haraji. Abubuwa biyu ne ke fitowa daga nan. Na farko, a wajen 1400 Zazzau ta riga ta yi ƙarfin da za ta kori Kano daga fagen fama, kuma Turunku ce wurin da mai neman karya ta yake dosa. Na biyu, duk rundunar da ta taso daga Kano ta nufi Turunku ko Shika, sai ta ratsa ƙasar da ke tsakani, wato inda Ikara da Maƙarfi da Kudan suke a yau, ko ta bi ta gefenta. Wannan yanki tun a wancan zamani bakin iyaka ne tsakanin dauloli biyu masu gasa, mutanen bakin iyaka kuwa su ne kan fara jin takun dawaki.

Daga nan sai maganar Bakwa, wadda ke ta 22 a jerin sarakuna, kuma aka saba ba ta shekarar 1536. Kafin ita akwai Muhammadu Rabo, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Zazzau na farko da ya musulunta, tsaran Muhammadu Rumfa na Kano, mai mulki daga 1463 zuwa 1499. Ruwayoyi sun saɓa a kan Bakwa. Wasu sun ce mace ce, wasu sun ce namiji ne. Wasu sun ce daga gidan sarauta take, wasu sun ce baƙuwa ce. An ce bayinta ne suka gina Turunku tana can wajen yaƙi da Nupe, an kuma ce ƙarancin ruwa ne ya sa aka tashi daga nan aka koma Kufena, sannan aka kafa sabon birni aka sa masa sunan ƙaramar 'yarta, Zariya. To ga inda gizo ke saƙar. Idan Kananeji ya sauka a Turunku a wajen 1400, yaya za a ce an gina ta a zamanin wadda ta hau mulki a 1536? Ko dai garin ya girmi Bakwa da fiye da shekara 100, ita faɗaɗa shi ta yi. Ko shekarar da aka ba ta ta yi kusa da yawa. Ko kuma marubucin Kano ya ɗauki sunan da ya sani ya liƙa wa wani tsohon yaƙi. Littattafan ba za su iya raba wannan gardama ba, domin kowannensu an rubuta shi ne ƙarnoni bayan faruwar abin.

Haka lamarin yake game da Amina, wadda ta fi kowa suna a tarihin Zazzau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta wajen 1812, ya ce 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yi yaƙe-yaƙe har Katsina da Kano suka biya ta haraji, ta rasu a Atagara. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta yi shekara 34 tana yaƙi. Ruwayar Zazzau kuwa ta ce 'yar Bakwa ce, abin da zai kai ta rabin ƙarshe na ƙarni na 16, har wasu suka ƙiyasta mata 1576 zuwa 1610. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ta haura shekara 100, kuma sunanta ba ya cikin jerin sarakunan 60. Ban ga dalilin musun wanzuwarta ba. Majiyoyi uku daga Sakkwato da Kano da Zazzau ba za su haɗu a kan sunan mace guda haka kawai ba, kuma abin da suka danganta mata, wato buɗe hanyar kudu da shigowar goro da ƙarafa da bayi, ya dace da abin da aka sani na bunƙasar fatauci a waɗannan ƙarnoni. Inda nake tsayawa shi ne maganar da ake yi cewa duk inda ta yada zango sai ta gina ganuwa, har ya zama kowace tsohuwar ganuwa a ƙasar Hausa ana ce mata ganuwar Amina. Kewaye gari da ganuwar ƙasa da gwalalo aiki ne na dubban hannaye, na rani bayan rani. Mayaƙin da ya kwana biyu ya wuce ba shi ke yin sa ba. Mazauna wurin ke yi, su kuma gyara bayan kowace damina.

Mai riƙo da ruwayar kakanni zai ce: ku da kuka zo jiya, me ya ba ku ikon gyara abin da dattawa suka gada baki da baki? Tambaya ce mai nauyi, kuma akwai amsarta a ƙasar Farisa, wato Iran ta yau. Kusa da birnin Shiraz akwai kangon wata fada mai dogayen ginshiƙan dutse, wadda Farisawa suka shafe ƙarnoni suna danganta ta ga Jamshid, wani sarki na cikin almararsu. Sai a ƙarni na 19, da aka iya karanta rubutun da ke sassaƙe a jikin duwatsun, aka tabbatar cewa Sarki Dariyus ne ya fara ginin wajen shekara 518 kafin Miladiyya, magadansa suka ci gaba, Iskandar na Makidoniya ya ƙone ta a shekara ta 330 kafin Miladiyya. Can gaba kaɗan, a Fasargad, akwai kabarin Sarki Sairus, wanda mutanen ɗan ƙauyen da ke wurin suka daɗe suna cewa na mahaifiyar Annabi Sulaimanu ne, har ƙauyen ya ɗauki wannan suna. Wannan imani ya taimaka aka girmama kabarin, ba a farfasa shi an yi gini da duwatsunsa duka ba. Ruwayar baka ta tsare wurin, ta nuna wa masu bincike inda za su duba, amma ba ita ta faɗi wanda ya gina ba ko yaushe. Haka sunan Amina ya yi wa ganuwoyinmu: ya sa an san suna da daraja. Bambancinmu da Farisa shi ne magina Turunku da ƙasa suka yi gini, ba su bar rubutu a jikin bango ba. Abin da suka bari shi ne gawayi da toka da tsingaro da ƙashi, kuma waɗannan ma ana karanta su, in an tono su bisa ƙa'ida, hawa-hawa, ba a gauraya na sama da na ƙasa ba.

Komawar sarauta arewa, zuwa Kufena da Zariya, ita ce ta mayar da Turunku gefe. Ruwaya ta ɗora abin a kan ƙarancin ruwa, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga garin da jama'arsa suka yi wa rijiyoyinsa yawa. Amma akwai abin da ya ja su gaba, ban da wanda ya kore su daga baya. Sabon mazaunin yana tsakanin Kubanni da Galma, ga fadamu, ga kuma kusanci da hanyoyin Kano da Katsina, inda dukiyar Sahara ke sauka. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala littafinsa a 1526, ya kwatanta ƙasar Zazzau da cewa rabinta fili ne rabinta duwatsu, mutanenta attajirai ne masu fatauci, kuma saboda sanyi suna zuba garwashi a ƙarƙashin gadajensu. Ko da kansa ya gani ko fatake ne suka ba shi labari, duk wanda ya san gadon ƙasa mai ramin wuta na tsofaffin ɗakunanmu ya san ba ƙirƙira ya yi ba. John Sutton, wanda ya yi nazarin ganuwoyin Zariya da Kufena a shekarun 1970, ya nuna cewa ba ganuwa ɗaya ba ce. Layuka ne daban-daban, an gina wasu, an bar wasu, an ƙara wasu. Ganuwa kamar gidan gado take, kowane magaji da ɗakin da ya ƙara.

Ƙarni na 17 ya zo da hare-haren Kwararrafa, waɗanda suka isa har Kano fiye da sau ɗaya. A farkon ƙarni na 19 kuma jihadi ya sauya gidan sarauta. Sarkin Zazzau Jatau ya karɓi kiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma ɗansa Makau ya juya baya. Malam Musa ya zo da tutar Shehu, tare da Yamusa, suka ci Zariya. Ruwayar gida ta ce a 1804 ne, kuma an rutsa Makau yana filin Idi a bayan gari. Masu bin takardun Sakkwato sun fi karkata ga ƙarshen 1808. Makau ya yi kudu zuwa Zuba, aka kashe shi kusa da Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Wannan ƙaura tana da tasiri a kan abin da muke magana: da yawa daga cikin masu riƙe da labarin tsohuwar sarauta, makaɗa da maroƙa da bayin fada, sun bi ubangidansu. Ilimin Turunku da Kufena ya rabu biyu, rabi a Zariya rabi a Suleja.

A ƙarni na 19 ne labarin arewacin Zazzau ya fi fitowa fili, kuma a nan ne ya kamata mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan su fi kasa kunne. Babbar hanyar fatake daga Kano ta biyo ta Bebeji ta ratsa wannan yanki, ta Likoro, ta shiga Zariya. Baturen matafiyi Hugh Clapperton ya bi ta a 1826, ya rubuta labarin garuruwa masu ganuwa da gonaki da ayarin da ya gani a kanta. Garuruwa irin Paki da Aucan da Gimi da Hunƙuyi da Kudan da Ikara kanta tsofaffi ne, sun rayu da noma da saƙa da rini da saukar baƙi. Amma arzikin hanya yana tafe da haɗarinsa. Tun daga wajen 1846, da wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar ƙasar Kano suka fake a duwatsun Ningi, Ningawa suka shiga kai hari kudancin Kano da gabashin Zazzau, ba su daina ba sai zuwan Turawa. A ƙarshen ƙarnin ga basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, ga Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora yana matsa wa Zazzau ta yamma. Baba ta Karo, wadda ta girma a kan iyakar Kano da Zazzau, kuma Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta ba da labarin yadda mutanen ƙauye ke gudu su shige garin Zarewa mai ganuwa in an ji mahara, da yadda ake kama mutane a nemi fansa. Wannan ya nuna cewa wasu ganuwoyin yankin nan na jiya-jiya ne, an gina su ko an ɗaga su saboda Ningawa da masu kamun bayi, ƙarnoni bayan Amina. Wasu kuma ƙila sun girme ta. Wanda ya kira su duka da suna ɗaya ya shafe tarihin kakanninsa na kusa, waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka suka kare garinsu.

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Morland ta tashi daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. Daga ranar ganuwa ta daina tsare kowa. Da hare-hare suka ƙare, mutane suka fito suka kafa gidaje kusa da gonakinsu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kasuwar gyaɗa da auduga ta koma bakin tasha, daga baya kuma bakin titin mota, garuruwan tsohuwar hanyar fatake suka ragu. Wani lokaci hukuma ce da kanta ta tashi mutane. Daga 1937, saboda ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, gwamnatin mulkin mallaka ta share kurmin bakin rafuka a yankin Ancau, ta kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai, ta gina garin Takalafiya. Kufai dai ba na zamani ɗaya ba ne: akwai na shekara dubu, akwai wanda kakan wani mai rai a yau aka haifa a cikinsa.

Dokar kare kayan tarihi ta fara a 1953, a 1979 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Dutsen Kufena da ganuwar Zariya da tsohon masallacin Maigana suna cikin wuraren da aka ayyana. Doka ta hana tono ba da izini ba, ta hana fitar da kayan tarihi waje. Duk da haka, a shekarun 1990 masu haƙar sata sun yi wa kufaifan Nok kaca-kaca, kayan suka ƙare a kasuwannin Turai, kuma abin da aka tumɓuke daga mazauninsa ba ya ƙara gaya wa kowa shekarunsa ko aikinsa. A yankinmu ɓarnar ba ta da hayaniya irin wannan. Mai gini ya ɗebi ƙasar ganuwa ya buga tubali, tarakta ta baje tudu, masu fasa dutse su mayar da fa mai ramukan niƙa tsakuwar kwalta, gari ya faɗaɗa ya hau kan gwalalo.

Akwai masu cewa waɗannan kayan jahiliyya ne, na masu bautar iskoki, Musulmi ba shi da hurumi a cikinsu. Ban yarda ba. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma Muhammadu Bello, wanda ba a kai shi kishin addini ba, bai ga laifin rubuta labarin Amina da sarakunan da suka gabaci jihadi ba. Auna shekarun murhun maƙeri ba girmama tsafi ba ne. Ban da haka, babban ɓangare na abin da ke binne na Musulmi ne: masallatai, da maƙabartu, da marinar da ta rina rigunan malamai. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta manomi. Ƙasar Maƙarfi da Kudan da Ikara ƙasar rake ce da tumatir da barkono da masara, jama'a na ƙaruwa, gona na tsada, ba a kuma cewa mai iyali ya bar kadadarsa saboda tsingaro. Gaskiya ne, kuma duk tsarin da zai ƙwace gona ba zai yi nasara ba. Amma ba a bukatar haka. Noman fartanya da garmar shanu ba ya wuce saman ƙasa, abin da ke zurfi yana nan lafiya, shi ya sa ma ya kawo yau. Abin da ke kashe kufai shi ne haƙa mai zurfi da baje ganuwa da fasa dutse, waɗannan kuwa dagaci da mai unguwa da ƙaramar hukuma suna iya tsawatarwa a kansu ba tare da an taɓa abincin kowa ba.

Abin da aka tona a ƙasar Zazzau kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da abin da ke kwance, alhali jami'ar da ke da sashen wannan ilimi tana nan a Samaru, tafiyar da ba ta kai yini ba daga kowane ɗayan waɗannan wurare. Tambayoyin ma a shirye suke. In aka yanka ganuwar Turunku aka ɗebo gawayi daga ƙarƙashin tushenta, za a san ko ta riga 1400 ko ta biyo bayan 1536, a raba gardamar Kananeji da Bakwa. In aka yi haka a Kargi da Wuciciri da Kufena, za a gane ko bi da bi suka yi ko zamani ɗaya. In aka gwada zanen tukwanen Likoro da Paki da Hunƙuyi da na Turunku da na Dala, za a ga ko mutanen bakin iyaka sun fi jingina da Kano ko da Zazzau, da lokacin da suka juya. Aikin da ya fi gaggawa, domin shi ba ya jira, shi ne zama da tsofaffin kowane gari, Musulmi da Maguzawa da Kirista, a rubuta sunayen ƙofofin da suka rushe, da inda marina take, da inda maƙera suka zauna, da sunan kowane kufai da dalilin tashinsa, a kuma auna tsawon ganuwar da ta rage a sa ta a taswira.